Guguwar Teku a Ƙasashen Hamada: Nazari a Kan Oman da Yaman

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba abin da yake faruwa idan guguwar teku ta bar mahaifarta, ta faɗa wa ƙasar da ba ta saba ganin ruwan sama ba. An zaɓi kudancin yankin Larabawa, watau ƙasashen Oman da Yaman, domin a nan ne abin ya yi ta maimaituwa tun daga 2007, har aka sami isassun misalai na kwatantawa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a ƙasar hamada ruwan da guguwar ta ɗauko shi ne babban abin tsoro, iskarta kuwa tana biye ne, kuma irin ɓarnar da ruwan zai yi ta danganta ga inda ya sauka, ko a kan dutse ko a kan yashi.

Tun daga sunan ma akwai abin dubawa. Guguwar da Bahaushe ya sani ita ce ta bazara, wadda kan taso da tsakar rana a fili, ta murɗe ƙura da ganye da tsummoki ta yi sama da su, ta kwashe jinkar wani, sa'an nan ta mutu kafin a ƙare salati. Busasshiya ce, ba ta ɗauke da ko ɗigon ruwa, kuma da yawa daga cikin mutanen da sun ɗauka tafiyar iskoki ce. Da gidajen rediyo masu watsa labarai da Hausa suka buƙaci suna ga wannan babbar aba ta teku, sai suka ce "mahaukaciyar guguwa". Sunan ya karɓu, ya kuma dace da jujjuyawarta da ƙarfinta, amma yana da aibi guda: mai sauraro yakan ji iska kaɗai a cikinsa. A gaskiya abin ya fi kusa da abin da Hausa ke kira hadari, sai dai hadari ne mai faɗin ɗaruruwan kilomitoci, mai juyawa kamar dutsen niƙa, wanda kan yi mako guda ko fiye yana tafiya. A nan za a riƙa cewa "guguwar teku", don kalmar teku ta riƙa tuna wa mai karatu ruwa. A Tekun Atlantika ana kiranta hariken, a yammacin Tekun Fasifik taifun, a Tekun Indiya kuwa saiklon, duk kuwa abu ɗaya ne.

Yadda take samuwa

Guguwar teku ba ta samuwa sai a kan ruwa mai ɗumi, wanda zafinsa ya kai kimanin digiri 26 da rabi a ma'aunin Salshiyas, kuma ɗumin ya nutsa ƙasa kamar mita 50. Tururi yakan tashi daga irin wannan ruwa, ya hau sama ya huce ya zama gajimare. A lokacin da tururi yake komawa ruwa yakan saki zafin da ya ɗauko, zafin nan ya ƙara ɗaga iskar da ke kewaye, wata iskar kuma ta kwararo daga gefe don cike gurbin, ita ma ɗauke da nata tururin. Juyawar duniya ce ke karkatar da wannan iska mai kwararowa har ta shiga kewayawa, shi ya sa ba a samun irin wannan guguwa dab da ikwaita, inda ƙarfin karkatarwar ba shi da tasiri. Sai an nisanta da kamar digiri 5. Idan gudun iskar ya kai kilomita 63 a sa'a guda sai a raɗa mata suna, idan ya kai 119 ta cika guguwa sosai.

Daga wannan bayani za a gane dalilin da ya sa ƙasar Hausa ba ta san wannan masifa ba: tana nesa da teku, kuma tekun da ya fi kusa da ita, watau mashigin Gini, ya matsu da ikwaita ƙwarai. Amma akwai dangantaka ta wata fuska. Kowane manomi ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa. Bambancin zafi tsakanin Sahara da dazuzzukan kudu shi ke haifar da wata iska mai ƙarfi a sama, wadda ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, tana tafe da tarin hadari bayan kowane kwana uku zuwa biyar. Wannan hadari da ya shayar da gero a Damagaram ko Katsina yakan ci gaba har ya fita teku ta wajen Senegal, kuma mafi yawan manyan guguwoyin da kan afka wa tsibiran Karibiyan da Amurka daga irinsa suke farawa.

Ita hamada a karan kanta maƙiyiyar guguwar teku ce. Busasshiyar iska idan ta shiga cikin guguwa takan shanye gajimarenta, ta kashe wutar da ke tafiyar da ita. Saboda haka mafi yawan guguwoyin da kan taso a Tekun Larabawa, ko dai su karkata zuwa Indiya da Pakistan, ko kuwa su yi rauni su watse kafin su iso gaɓar Oman. Lokacinsu ma ƙayyadadde ne: watannin Mayu da Yuni, kafin iskar daminar Indiya ta kankama, da kuma Oktoba zuwa Disamba bayan ta janye. To, amma wadda ta iso, ko da iskarta ta karye, ruwan da ta tara a cikinta yana nan, kuma dole ta sauke shi a wani wuri.

Gonu da koramun Maskat

Guguwar da aka raɗa wa suna Gonu ta taso ne a farkon watan Yuni na 2007. Ƙasar Maldibs ce ta ba da sunan, ma'anarsa kuwa a harshensu jaka ce da ake saƙawa da ganyen kwakwa ko makamancinsa. Ran 4 ga wata gudun iskarta ya kai kimanin kilomita 240 a sa'a, ba a kuwa taɓa auna mai ƙarfinta a Tekun Larabawa ba kafin wannan lokaci. Kamar yadda aka zata, busasshiyar iskar hamada da ruwa mai ɗan sanyi sun rage mata ƙarfi, ta yadda sa'ad da ta shafi ƙuryar gabashin Oman, wajen Ras al-Haddi, a daren 5 ga wata, gudun ya sauko zuwa kamar 150. Daga nan ta bi gaɓa ta wuce arewa, ta je ta mutu a kudancin Iran. Cibiyarta ba ta ko shiga birnin Maskat ba.

Duk da haka kimanin mutum 50 suka rasu a Oman, aka kuma yi hasarar dukiya ta kusan dala miliyan dubu 4, abin da ya sa aka lissafa ta a matsayin bala'i mafi girma da ƙasar ta gani a zamanin nan. Dalilin yana ga yanayin ƙasar. Maskat tana zaune ne a wani siririn fili tsakanin teku da duwatsun Hajar, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 3,000. Ruwan da birnin kan samu a shekara bai wuce milimita 100 ba, watau ƙasa da abin da Kano kan samu a rabin watan Agusta mai kyau. Da Gonu ta turo jiƙaƙƙiyar iska ta ci karo da waɗannan duwatsu, sai iskar ta hau sama tilas, ta huce, ta zubar da abin da ke cikinta. A wasu wurare an auna milimita 610.

A nan ya kamata a tsaya a dubi abin da kan sami ruwa idan ya sauka a irin wannan wuri. A ƙasa mai ciyawa da itatuwa, ganye yakan tare ɗigon ruwa, saiwa ta buɗe masa hanya, ƙasa ta sha wani kaso mai yawa, ragowar ya gangara a hankali cikin kwanaki. Duwatsun Hajar kuwa tsirara suke, babu ƙasar kirki a kansu, inda ma akwai ta rana ta gasa ta har ta yi ɓawo mai tauri. Ruwan da ya sauka a kan kilomita ɗari na irin wannan dutse ba shi da wurin tsayawa, sai ya taru cikin sa'o'i kaɗan a kwazazzabai, kwazazzaban su haɗu a busasshiyar korama guda, wadda Larabawa ke kira wadi. Abin da kan fito daga bakin wadi ya wuce a kira shi ruwa kawai: taɓo ne da tsakuwa da manyan duwatsu da kututturan dabino, yana tafe da gaba kamar bango. Sau da yawa kuma yakan iso wurin da ko yayyafi ba a yi ba tukuna, don can bisa duwatsu aka yi ruwan. Mutanen Agadas sun ga irin wannan a Satumba ta 2009, sa'ad da koramar Telwa ta sauko daga duwatsun Abzin ta ci unguwanni, ko da yake wancan ruwan damina ne, ba na guguwar teku ba.

Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne inda mutane suka zauna. A ƙasar duwatsu, cikin wadi da bakinsa su ne wuri mafi laushi da daidaito, nan ne ruwan rijiya yake kusa, nan ne hanya ta fi sauƙin shimfiɗawa. Daga 1970, lokacin da Sarki Ƙabus ya hau mulki aka shiga gina ƙasar da kuɗin man fetur, Maskat ta faɗaɗa ƙwarai, unguwanni da kantuna da tituna suka mamaye bakin koramun da aka shekara da shekaru ba a ga sun cika ba. Unguwar Ƙurum, wadda take cibiyar kasuwanci ce a bakin Wadi Adai, ta nutse har motoci suka hau kan juna. Garin Ƙurayyat da ke kudu maso gabas ya fi kowane wuri shan wuya. Wani abin mamaki kuma, birnin da ruwa ya ci sai ga shi yana fama da ƙishirwa kwana da kwanaki, domin ruwan shansa daga masana'antar tace ruwan teku yake fitowa, ita kuwa ta tsaya, bututan da ke raba ruwan ma ambaliya ta tsinke su.

Ba za a ce ba a taɓa ganin irin wannan ba. A watan Yuni na 1890 wata guguwa ta faɗa wa Maskat da Matra ta kashe fiye da mutum 700, ta tumɓuke dabino ba iyaka. A Yuni na 1977 wata ta rushe kusan dukkan gine-ginen tsibirin Masira. Sai dai tazarar da ke tsakanin irin waɗannan aukuwa ta fi tsawon tunanin mai gini. Wanda ya ga ambaliyar 1890 ya daɗe da rasuwa kafin a sa harsashin kantin farko a Ƙurum.

Mai rauni da mai ƙarfi a Yaman

Babu misalin da ya fi fito da batun wannan maƙala fili kamar kwatanta abubuwa biyu da suka faru a Yaman. A ƙarshen Oktoba na 2008 wani hadari ya shigo gabashin ƙasar daga teku. Gudun iskarsa bai kai ma a raɗa masa suna ba, ta fuskar masu auna iska ba kome ba ne. Amma ya tsaya a kan tuddan Halramautu yana zuba kusan kwana biyu, ruwan ya gangara cikin babban kwarin nan da garuruwan Shibam da Sai'un da Tarim suke. Kimanin mutum 180 suka halaka, dubbai suka rasa muhalli, raƙuma da awaki da gonakin dabino da amyoyin zuma, wanda yankin ya yi suna a kansa, duk suka tafi.

Gine-ginen wannan kwari na ƙasa ne, kuma duk wanda ya tashi a gidan soro ya san halin ginin ƙasa. Yana jure ruwan da ya sauka a kansa muddin an kula da yaɓe da indararo, abin da ba ya jurewa shi ne ruwan da ya kwanta a gindinsa. Da zarar tushe ya jiƙa ya yi laushi, nauyin da ke sama shi zai kawo ginin ƙasa. A Shibam, inda benayen tubalin ƙasa suke kai hawa biyar har zuwa goma sha ɗaya, magina na da sun san wannan sarai, shi ya sa suka kafa garin a kan tudu, suka kewaye shi da ganuwa, suna kuma shafe rufi da gindin gini da farar ƙasa. Tsohon garin ya tsira da raunuka a 2008. Gidajen da suka fi rushewa su ne na ƙauyuka da sababbin unguwanni da aka yi a ƙasan kwari.

Bayan shekara bakwai, ran 3 ga Nuwamba 2015, guguwar Chapala ta sauka yamma da birnin Mukalla. Ita ce ta farko a tarihin da aka rubuta da ta iso Yaman da cikakken ƙarfin guguwa, a teku ma gudunta ya haura kilomita 200 a sa'a. Ta zubar da ruwan shekaru da dama cikin kwana biyu, titunan Mukalla suka zama koguna, ga shi kuwa ƙasar tana cikin yaƙi, birnin ma a lokacin ba ya hannun gwamnati. Amma waɗanda suka rasu ba su kai ashirin ba. Babban bambancin shi ne Chapala tana da suna, taurarin ɗan'adam sun bi ta kwanaki, labarinta ya riga ta isowa, mutane suka bar bakin teku da bakin koramu suka hau tudu, a tsibirin Sokotra wasu har cikin koguna suka fake. Hadarin 2008 kuwa bai tsorata kowa ba, domin ma'aunin da ake jera guguwoyi da shi daga daraja ta 1 zuwa ta 5 gudun iska kaɗai yake dubawa, ba ya cewa kome game da ruwa. Wannan ma'auni an tsara shi ne a Amurka a farkon shekarun 1970 don kimanta ɓarnar iska a kan gine-gine, kuma a ƙasar hamada yana iya yaudarar mai jinsa, kamar dai yadda kalmar guguwa take yi wa mai sauraron Hausa.

Oman ta ɗauki darasi daga Gonu gwargwado. An gina madatsun tare ambaliya a saman wasu koramu, an faɗaɗa magudanai, an kuma buɗe cibiyar gargaɗin gaggawa ta ƙasa a 2015. Guguwar Phet ta zo a 2010, Shahin kuma ta shiga gaɓar Batina, arewa maso yamma da Maskat, ran 3 ga Oktoba 2021, kowacce ta yi kisa, amma ba wadda ta kai Gonu. Madatsa dai tana da nata sharaɗi. A Satumba ta 2023 hadarin Daniyel, wanda na Bahar Rum ne, ba ainihin guguwar teku mai zafi ba, ya zuba fiye da milimita 400 cikin kwana guda a tuddan gabashin Libiya. Madatsu biyu da aka gina a shekarun 1970 a saman wadin Darna, waɗanda aka daɗe ba a gyara ba, suka fashe cikin dare, ruwan ya bi ta tsakiyar birnin ya kashe fiye da mutum 4,000, ban da dubban da suka ɓace. Madatsar da aka yi sakaci da ita ta fi rashinta haɗari, don ita ce ta sa mutane suka saki jiki suka yi gini a ƙarƙashinta.

Ruwan da ya sauka a kan yashi

Duk abin da aka faɗa a baya game da dutse ne. Yashi halinsa dabam: yana shan ruwa nan da nan, ya ɓoye shi a ƙarƙashi inda rana ba ta kaiwa. A nan babu ambaliya, babu kuma gari da za a ci, sai a zaci alheri ne zalla. Abin da ya biyo bayan guguwar Mekunu ya nuna ba haka ba ne.

Mekunu ta sauka kusa da Salala, a kudancin Oman, a daren 25 ga Mayu 2018. An auna milimita 278 a birnin cikin sa'a 24, fiye da ninki biyu na ruwan shekara. Ragowarta ta haye duwatsun Zufar ta shiga Rub'ul Khali, watau babban tekun yashin nan mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 650,000, wanda kusan ba kowa a cikinsa. Hotunan taurarin ɗan'adam sun nuna tafkuna sun kwanta a tsakanin tuddan rairayi. Tsaban da suka yi shekaru a binne suka tsiro, makiyayan gefen hamada suka sami ciyawar da ba su taɓa gani ba. A watan Oktoba na wannan shekara kuma guguwar Luban ta shigo ta gabashin Yaman ta sake jiƙa wurin, kafin danshin farko ya ƙare.

Farar hamada a yawancin lokaci ƙwaro ce mai zaman kaɗaici, ba ta da wata illa. Tana buƙatar jiƙaƙƙen yashi don ta binne ƙwanta, 'ya'yanta kuma, watau ɗango, suna buƙatar ɗanyen ganye. Idan abubuwan nan biyu suka samu, kowane zubi, wanda kan ɗauki kamar wata uku, yana iya ninka yawanta sau 20. Idan suka yi yawa har suna gogar juna, sai launinsu da halinsu su sāke, su zama masu tafiya a rundunar da kan rufe rana. A al'ada danshin ruwa guda ba ya wuce zubi ɗaya ko biyu kafin ƙasa ta bushe su mutu. Guguwa biyu a jere sun ba su zubi uku cikin wata tara, a wurin da ba mai sa ido, kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta yawansu ya ninku sau 8,000.

Daga farkon 2019 rundunonin suka fara fita, wasu suka yi arewa zuwa Saudiyya da Iran har Pakistan da Indiya, wasu suka yi kudu cikin Yaman, inda yaƙi ya hana a yi feshi, suka ƙara hayayyafa. Daga nan suka tsallaka teku zuwa Habasha da Somaliya. Shekarar 2019 kuwa ta zo da guguwa biyar a Tekun Larabawa, abin da ba a saba gani ba, ta ƙarshensu, mai suna Pawan, ta sauka a arewa maso gabashin Somaliya a farkon Disamba, ta shimfiɗa wa farar sabon wurin ƙwai daidai lokacin da ya kamata rani ya kashe ta. Kafin ƙarshen watan ta shiga Kenya, wata 19 bayan saukar Mekunu. Rundunar da ta rufe murabba'in kilomita guda tana ɗauke da fara miliyan 40 ko fiye, tana cin abin da mutum 35,000 za su ci a yini, tana kuma iya tafiyar kilomita 150 kafin rana ta faɗi. Manoman Nijar da suka ga farar 2004, da yunwar da ta biyo baya a 2005, ba sa buƙatar a fassara musu waɗannan alƙaluma. Kenya ba ta ga irin wannan annoba ba cikin shekara 70, Habasha da Somaliya kuwa cikin shekara 25, kuma an yi ta feshi da jiragen sama har shekara biyu kafin hukumar ta bayyana ƙarshenta a farkon 2022.